Yaya Haruna Bai Taɓa Jin Ƙarshen Tatsuniyar Gafiya Ba

Kakarmu, wadda duk garinmu Ƙarfi ake kira Ta-Tsiga saboda a Tsiga aka haife ta, tana da tatsuniyoyin da in an ɗura su a buhu sai an yi hayar tirela biyu. Amma ba ta buɗe baki sai an idar da isha'i, an tara karan dawa a tsakar gida an cinna masa wuta. Ita tana gefe da mazarinta tana kaɗin auduga, mu jikoki muna tura masara cikin garwashi muna faɗa a kan wadda ta fi gasuwa. Mu bakwai a tabarma ɗaya, babbanmu Yaya Haruna.

Shi Yaya Haruna Allah Ya yi masa wata baiwa da ban gani ga kowa ba: bai taɓa jin ƙarshen tatsuniya ba. Shi ne mai matsa wa Ta-Tsiga ta fara, shi ne mai kame wurin da ya fi kusa da wuta, kafin a kai tsakiya kuwa minsharinsa ya tashi kaji a akurki. Takan zungure shi da mazari ta ce, "Wannan mijin nawa, ranar rabon hankali ma barci za ka yi." Mu kwashe da dariya. Da na san abin da barcin nan zai jawo mana bayan shekara arba'in, da garwashi na riƙa ɗosana masa.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta gafiya. Ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙafarta," mu ce, "Ta zauna mu gasa mata masara."

Wai gafiya ce ta gaji da haƙa rami zuwa rumbun mutane, sai ta sami tsohon tulu a bayan danga ta shige. Da ta yi tari, ta ji muryarta ta koma ta ƙato. Sai ta jira maigida yana shi kaɗai, ta kira shi da sunansa da na ubansa: "Ni ne manzon mai haraji. Akwai ragowar bara a kanka. Zubo dawa ta ƙarƙashin danga yanzu, ko gobe a ɗaure ka a kasuwa. Kada ka leƙo, kada maƙwabci ya ji, asirinka nake rufawa." Haka ta riƙa mirgina tulunta gida-gida. Kowa ya zuba, kowa ya yi gum, don ba mai son a ji hukuma na bin sa.

Daidai nan Yaya Haruna yake ɓingirewa.

Mu da ke farke mun ji yadda gafiya ta iso gidan wata tsohuwa. Tsohuwa ta ce, "Maraba da baƙon hukuma. Zagayo zaure ka sha ruwa, bari in aika a kira mai unguwa." Murya ta ce sauri take yi. Tsohuwa ta ce, "Tun ina yarinya haraji da rana yake zuwa, da fuskarsa, mai unguwa na gaba. Ban san mai zuwa ta bayan danga ba. Tunda ba za ka zo wurin ruwa ba, ruwa zai zo wurinka." Ta ɗebo tafasasshe ta kwara a tulu. Gafiya ta fito a guje da rabin wutsiya a saɓule, shi ya sa har yau ƙarshen wutsiyarta fari ne. Sai Ta-Tsiga ta naɗe zarenta ta ce, "Ƙurunƙus kan gafiya. Wanda ya yi barci gobe ya tambayi wanda bai yi ba." Bai taɓa tambaya ba.

Bara, ana gab da faɗuwar damina, na leƙa gidansa. Yanzu Alhaji ne, da furfura, da gona a Ƙarfi, da siton masara a Funtua. Na tarar an kwance shanun huɗarsa biyu, ana jiran motar da za ta kai su kasuwa. Manomi ya sayar da shanun huɗa ruwa na haɗowa, ai direba ne ya sayar da taya yana kan hanya.

Na ce, "Yaya, lafiya? Ko su ma hajji za ka kai su?"

Ya ja ni zaure, ya leƙa hagu da dama, sannan ya faɗa mini da raɗa. Wani ne ya kira shi daga ofishin haraji, wai ana bin sitonsa na shekara uku, za a garƙame shi, a zo da 'yan sanda. Amma mutumin kirki ne, ya ce zai kashe maganar a ɓoye. Har Yaya ya tura kuɗin buhu goma sha biyar ta wurin mai POS. Yanzu kuma wai takarda ta kai teburin oga, sai an ƙara kafin la'asar.

"Ya aiko da takarda?"

"Ya ce sai an gama biya."

"Sunan wa ya fito a asusun?"

"Na wata mata. Akawunsu ce." Ya haɗe rai. "Ɗanjuma, mutumin nan ya san sunana, ya san layin da sito yake."

"Yaya, sunanka da lambarka suna ƙofar sito da jan fenti, kowane harafi ya kai ɗan maraƙi. Daga Malumfashi ana karantawa."

"Kai komai wasa ne a wurinka. Hukuma ce fa."

Ranar na biya kuɗin barkwancina na shekara hamsin. Na rantse, na roƙa, na ambaci iyayenmu da ke ƙasa, shi kuwa Yaya yana duba agogo. Na ce to mu je wurin mai unguwa. Ya ce, "So kake duk Ƙarfi ta ji ana bina haraji? Ni da nake sahun farko a masallaci?" Sai na ji kamar in kama kaina in cire in ajiye. Ga gafiya, ga tulu, ga danga, ga kuma wanda ya yi barci.

Muna cikin haka waya ta yi ƙara. Yaya ya miƙe tsaye, ya gyara hula, yana rusuna wa waya. Na yi abin da ban taɓa yi wa babban wa ba: na fizge ta daga hannunsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙanensa ne. Kuɗi sun haɗu. Ga mu a zaure, an yi shimfiɗa, an dama fura. Taho da takarda, mai unguwa zai zo ya shaida. In kuma aiki ya yi yawa, faɗi ɗakin da kake a ofis mu iso yanzu."

"Ba ma karɓar baƙi. A tura ta asusu kafin la'asar, ko ya kwana a hannun 'yan sanda."

"To turo su, furar za ta ishe su."

Ya ja tsaki. Sannan ya ɗura mini ashar, har ya haɗa da kakata, ita da ta tona shi tun ba a haife shi ba, ya kashe waya.

Kuna tsammanin Yaya ya gode? Cewa ya yi na kashe shi. Ya haɗa riga biyu da carbi a leda, ya zauna ƙofar gida yana jiran kamu har magariba. Ko akuya ba ta zo ba. Washegari na ɗora shi a babur muka je ofishin harajin da kanmu. Ma'aikacin da muka tarar ya duba, ya ce ba abin da ake bin sa, kuma su ba sa karɓar haraji ta waya a asusun wani mutum. Takarda suke bayarwa, a biya, a karɓi rasit. Ya ce, "Alhaji, da ka tambayi ko mutum ɗaya." Buhu goma sha biyar dai sun tafi. Shanu suka koma turke, da su aka yi huɗar bara.

Abin da ke ci mini rai, Ta-Tsiga ba ta taɓa riƙe waya ba, amma ta san ɓarawon nan ciki da bai. Da ina yaro na ɗauka ruwan zafi ne maganin gafiya. Yanzu da tulu ya koma aljihun kowa, ba ruwan da zai kai gare ta, na gane tsohuwar nan ta gama da ita tun lokacin da ta ce a kira mai unguwa. Shirun masu gida ne ya ciyar da gafiya, kuma na tabbata a sahun farkon nan na Yaya akwai wasu da suka zuba dawa suka yi gum.

Bayan sati biyu muna zaune a zaurensa, ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗanjuma, wai gafiyar nan ta Ta-Tsiga, yaya ta ƙare?"

Na gyara zama, na ɗauko ta tun daga tulu. Ina isa ƙofar gidan tsohuwa na ji minshari.