Hannun Baba Sanda a Gaban Alƙali

Litinin: Gumel zuwa Gagarawa

Na bar Gumel ƙarfe biyar da rabi, da idar da sallar asuba. Ga waɗanda ba su zo zaman Juma'a a zauren Malam Habu ba, ga dalilin tafiyar. Labari ya iso mana cewa akwai wata mata, Hajara, a gidan wani attajiri a Maigatari. Shi ya ce baiwa ce haifaffiyar gidansu. Ita ta ce 'yar garin Sule Tankarkar ce, an sace ta tana ƙarama, tun kafin zuwan Turawa. In an tabbatar wa alƙali 'ya ce, za ta fita ba fansa. In ba a tabbatar ba, sai abin da attajiri ya yanka.

Kamar yadda muka saba, mai abu ya kawo abu. Malam Habu ya ba da aron jaki. Inna Talatu mai ƙosai ta ba da ragonta, ko da za a kai ga fansa. Matan unguwa sun haɗa gero da zane biyu. Ni ba ni da komai sai ƙafa da agogon aljihu, su na bayar.

Mil goma sha takwas ne, amma rago bai yarda da lissafina ba. Sai ƙarfe uku na shiga Gagarawa, bayan fura ta anini biyu a hanya.

Wanda na zo nema shi ne Baba Sanda wanzami, wanda a ƙuruciyarsa ya zagaye ƙauyukan yamma da zabira, yana yi wa jarirai zanen gado. Duk wanda Baba ya yi wa zane, layi na uku a kuncin hagu yakan lanƙwashe kamar lauje. Kowa ya san haka. Baba kaɗai ne bai sani ba. Shekara arba'in amsarsa ɗaya: jaririn ne ya motsa.

Na same shi yana wasa aska. Ya yarda zai je, amma ya kafa sharaɗi: shi zai hau jakin, kuma kada wanda ya yi masa maganar lauje. Muka kwana a zaurensa, tuwon gero da miyar kuka.

Talata: a rugar Fulani

Mun tashi ƙarfe shida. Muka ratsa ta kudu da Gumel ba mu shiga ba, don kada Inna Talatu ta ga ragonta ya rame ta canza shawara. Da la'asar muka sauka a wata ruga. Aka ba mu kindirmo, aka ƙi karɓar ko anini da jin inda muka nufa. Maigidan ma ya ƙara mana ƙwaryar man shanu, ya ce a sa shi cikin ladan. Kafin mu gama godiya rago ya huda jakar gero.

Laraba: Sule Tankarkar

Mun iso ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. A nan muka ɗauki Audu, yayan Hajara, manomi mai ƙarancin magana. Ya gaida Baba a durƙushe. Baba ya kama haɓarsa ya juya kuncin dama yana yabon aikinsa. Da Audu ya juyo na hagu, sai Baba ya ce ya tuna shi sarai, tun ranar sunansa ba ya zama wuri ɗaya. Audu ya ba da haƙuri.

Alhamis: Maigatari

Mun fita ƙarfe huɗu, muka iso da azahar, ranar kasuwa. A bakin gari dogari ya tsare mu, ya ce duk ragon da ya shigo yau na sayarwa ne, a biya masa kuɗin kasuwa. Muna cikin bayani rago ya fara cin gefen tabarmarsa. Ya ce mu wuce.

Bayan la'asar alƙali ya zauna. Aka shigo da Hajara, mace ce kamar 'yar shekara talatin. Ita da Audu suka kalli juna, ba wanda ya iya magana. Attajirin kuwa ya iya. Ya ce zane uku-uku ai rabin ƙasar nan ke da shi, wanzamin gidansu ne ya yi mata. In muna so mu fanshe ta, to, ya faɗi abin da raguna goma ba za su biya ba. Namu ɗaya ne, shi ma ya rame.

Alƙali ya tambayi Baba yadda aka yi ya gane aikinsa. Baba ya fara da kakansa, ya gangaro kan ubansa, ya yi bayanin irin ƙarfen askarsa. Na duba agogo, minti goma sha huɗu. Alƙali ya ce duk ya ji, amma kowane wanzami na iya faɗin haka. Akwai wata alama da ba kowa ke da ita ba?

Attajiri ya fara gyara riga zai tashi. Baba ya dubi Hajara, ya dubi ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam," in ji shi, "yarinyar nan ba ta motsa ba. Yayanta ma bai motsa ba. Ba wanda ya taɓa motsawa. Jaki ne ya harbe ni a wuyan hannu ina saurayi. In na zo layi na uku a hagu, hannun ba ya miƙewa."

Alƙali ya aika a yi shela a kasuwa, duk wanda Baba Sanda ya yi wa zane ya zo. Mutum shida suka zo, daga garuruwa huɗu. Aka jera su tare da Audu da Hajara, kowa ya juya hagu. Lauje takwas, kamar an buga da hatimi ɗaya. Aka duba mutanen gidan attajiri, nasu a miƙe sar.

Ɗaya daga cikin shidan, wani dillalin shanu mai furfura, ya ce, "Baba, wato ban motsa ba? Har uwata ta rasu tana ce mini Mai Motsi." Baba ya ce ya yafe masa. Dillalin ya ce ai shi ne zai yafe.

Ƙarfe biyar da minti ashirin alƙali ya yanke hukunci: Hajara 'ya ce, ba a sayar da 'ya, ba a fansar ta. Aka rubuta mata takarda. Ta naɗe ta a bakin zanenta, ta ƙulle sau uku.

Juma'a: komawa gida

Mun tashi ƙarfe biyar, mil goma sha uku. Baba ya sauka ya bar wa Hajara jakin ba tare da an roƙe shi ba. Muka shiga Gumel ƙarfe goma sha ɗaya, da sauran lokaci kafin masallaci. Inna Talatu ta ce ragon ya riga ya fita hannunta, Hajara ta tafi da shi ta fara kiwo. Gobe Audu zai kai su gida.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da duk wanda ya ba da gero ko zane ko inuwa. Akwai wasu biyu da aka kawo mana labarinsu, mai ƙafa ya shirya.

Baba Sanda ya fara roƙona kada in rubuta abin da ya faɗa a gaban alƙali. Da muka iso ƙofar gari ya ce to, in rubuta, amma in ƙara cewa kuncin dama duk a miƙe suke. Na duba guda takwas da idona. A miƙe suke.