Sistar da Ta Raba Ƙaiƙayi da Zargi

Kafin mai shara ya gama goge baranda, Sista ta riga ta buɗe ɗakinta, na ƙarshe a ɓangaren mata na asibitin unguwa. Takan wanke hannu, ta ja labule, ta juya kujerar marar lafiya ta ba ƙofa baya, don kada mai wucewa ya ga fuskar macen da ke faɗin abin da ko uwarta ba ta iya faɗa wa. Haka take yi tun gashinta yana baƙi wuluk. A wannan watan za ta ajiye aiki, shi ya sa wata mai ɗinki ta yarda a ba da labarin abin da ya same ta a ɗakin nan.

Tare da mijinta suka zo, wani direba, ko kallonta ba ya yi. Tun a gida ya yanke hukunci. Shi dai bai taɓa neman mace a waje ba, to ina ta kwaso ciwon sanyi? In asibiti suka tabbatar, gidan iyayenta za ta wuce. Ya tsaya a baranda yana kaɗa makulli, ita ta shiga ta ɗosana a bakin kujera.

"Ƙanwata, ba abin da za ki faɗa da kunnen nan bai taɓa ji ba," in ji Sista. "Ƙaiƙayi ne?"

Ta gyaɗa kai, sai hawaye.

"Wallahi Sista, ina tsakiyar ɗinki sai in miƙe in ruga banɗaki. In na yi fitsari kamar an barbaɗa mini barkono. Wurin ya yi ja, ya kumbura."

"Abin da ke fita fa?"

"Fari ne, mai kauri, guda-guda kamar madarar da ta tsinke."

"Yana wari? Akwai zazzaɓi ko ciwon mara?"

"Babu ko ɗaya."

Da Sista ta bi ta a hankali, sai ga shi kwanan baya an cire mata haƙori, an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da ƙaiƙayin ya fara kuma, maƙwabciya ta ba ta sabulu mai ƙamshi ta riƙa wanke wurin, abin ya ƙara ci kamar wuta.

Sista ta sa safar hannu. Ta duba ta, ta ɗebi ruwan da ke fita ta aika ɗakin gwaji. Jiran nan ne mai ɗinkin ta ce ba za ta manta ba. Tana jin takun mijinta, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Can ya ƙwanƙwasa.

"Sista, a faɗa mini gaskiya kawai."

"Malam, gaskiya tana ɗakin gwaji. Nemi wuri ka zauna."

Da sakamako ya fito, sai Sista ta fara tambayar matar: "Kin yarda in kira shi, ko ya tsaya tsakaninmu?"

"Kira shi, Sista."

Ya shigo fuska a murtuke.

"Mutanenmu komai sanyi suke ce masa, amma cututtukan iri-iri ne," in ji Sista. "Wannan wata ƙwaya ce da ke zaune a jikin mata da yawa ba ta damun su. Maganin haƙorin ne ya kashe masu taka mata birki, sai ta yi yawa."

"Wato ba wurin wani ta ɗauko ba?"

"Ko yarinyar da ba ta san namiji ba tana iya yin sa."

Direba ya sunkuyar da kai, da ƙyar ya ce, "Ki yafe mini." Matar ta kau da kai, Sista kuma ta jawo takarda. Ta rubuta magani, ta hana sabulun, ta ce in bai lafa ba a dawo. Yau ɗansu yana rarrafe a shagon ɗinkin.

Sista, ke ce rufin asirin mata. Ke ce kika lura ƙaiƙayin wata dattijuwa yana tafiya yana dawowa, kika tura ta gwajin jini, aka gano ciwon suga tun bai kayar da ita ba. Ke ce kike nanata wa mata cewa in ruwan ya zo da wari, ko ya yi kore, ko da zazzaɓi, to wata cutar ce daban, kada a saya wa kai magani da ka.

Mun gode, Sista. Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku masu gadon ɗakin nan, ku koyi sauraro kafin rubuta magani. Ku mata, kunya ba ta warkar da ciwo, ku je a duba ku. Ku kuma maza, in matarku ta ce ba ta jin daɗin jikinta, ku fara da "sannu" kafin ku fara da "ina kika samo".