Ranar da Ban Aiki Kowa Sayen Goro Ba

Na tsufa ina gyaran injin ban-ruwa a Birnin Konni, kuma akwai abin da nake yi wanda yanzu nake jin kunyarsa. Duk sa'ad da na zo kan saitin famfon gazuwal, wato man dizal, wurin da gwanintar take, sai in aiki aparantina, yaron da ke koyon aiki wurina, sayen goro. Kafin ya dawo na rufe. Haka maigidana ya yi mini, ni ma na yi wa wasu. Da yawa sun bar hannuna da gemu, amma ban da wanke ƙarfe ba su iya komai ba. Allah ya yafe mini.

Bara ɗiyar ƙanena ta shiga lakwal, makarantar koyon sana'a. Kwana uku suna aji, suna kwance inji su ɗaure a cikin kwamfuta. Kwana biyu ana tura su garaji. Ita aka turo wurina.

Wata Talata wani mai lambun albasa daga Malbaza ya kawo injinsa, ya ce shukarsa ta kwana biyu ba ruwa. Da na kai kan famfon, bakina ya riga ni: "Ɗiyata, je ki samo mini goro."

Ta ce, "Baba, akwai shi cikin aljihunka. Saiti za ka yi, ko?" Ta fiddo salula ta nuna mini cikin famfon a buɗe yana juyawa, har ɗan tsagin da nake ɓoyewa. "Na lalata wannan ya fi sau ashirin. Sai in danna, ya koma sabo."

Mai albasa ya ce, "Nawa dai in ya lalace ba ya komawa sabo, Malam."

Na daɗe riƙe da sufana kafin na miƙa mata. Ta san inda komai yake, amma noti mai tsatsa ya ƙi ta, don na cikin salula ba ya tsatsa. Na ɗora hannuna bisa nata, na nuna mata yadda ake lallaɓa shi har ya saki.

Ta yi saitin, muka rufe. A jan igiya na farko injin ya yi tari ya mutu. Ta sake dubawa, ta gyara da kanta. A na biyu ya tashi. Mai albasa ya ɗaure shi bayan babur, ya ce yana so ruwa ya shiga fangali kafin la'asar.