Rubutun da Ya Juya Baya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ranar da na yi wa autata gugar allon jan ƙarfe tana nan a zuciyata har gobe.

Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, yara duk sun watse, ni kaɗai a gidanmu na Tiga. Da auta ta ce za ta zo ta yi aikinta na kammala jami'a a gida, sai da na share ɗakinta sau biyu don murna. Ashe zuwan nata zai ƙara mini kaɗaici. Tana gida, amma kullum kanta a sunkuye kan kwamfuta. In na kai mata fura, sai ta ce an gode ba tare da ta ɗago ba, ni kuma in koma tabarmata ina sauraron kukan kurciya.

Abin da take haɗawa na'ura ce da za ta riƙa kashe injin ban-ruwa da kanta in gona ta ƙoshi. Ƙwaƙwalwar na'urar wata 'yar aba ce baƙa, ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, ga ƙafafu sirara ta kowane gefe. Ni kaska nake ce mata. Ƙafafun sun yi kusa da juna, wayar wuta ba ta kama su, don haka sai an zana mata ɗan allon da za ta zauna a kai, da layukan jan ƙarfe masu buɗewa zuwa manyan ramuka. Kaskar ɗaya ce tak, kuma ranar Litinin malamanta ke jiran aikin a Kano.

Ta je Tudun Wada aka buga mata zanen a takarda mai sheƙi. Sai an kifa takardar kan allon, a danne da dutsen guga, tawadar ta manne, sannan a tsoma a ruwan magani ya cinye sauran ƙarfen. Gugarta ta farko ta ƙona takardar. Ranar Juma'a da hantsi ta leƙo ta ce ko zan gwada, tunda hannuna ya fi sanin gawayi. Ban nuna mata daɗin da na ji ba.

Kafin in kifa, na karanta abin da ke kusurwar takardar a zuciyata: ƘAFA 1. Na goge a hankali, muka jiƙa takardar, muka ɓare ta daga allon. Layukan suka fito tsaf. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce babu wanda ya yanke. Amma ni da na kalli kusurwar, sai na ga haruffan sun ba ni baya.

A ajin yaƙi da jahilci, ni ce wadda ba ta raba b da d, har mata suna dariya. Na ce a raina tsohon ciwona ne ya dawo. Wace ce ni da zan gyara wa 'yar jami'a? Na yi shiru har ta zuba maganin a roba ta ɗauki allon.

"Auta," na ce, murya can ƙasa, "ko idona ne? Rubutun nan kamar ya juya."

Ta kai shi kusa da fuskarta, ta daɗe tana kallo, sai ta zauna a ƙasa. Ta ce ta manta ta juya zanen kafin a buga. Da ta dasa kaskar a haka, wuta za ta shiga ta ƙafar da ba tata ba, ta ƙone.

"Inna, tun yaushe kika gani?"

Na ce tun ɗazu.

"Shi ne kika yi shiru? Da wa zan tambaya in ba ke ba?"

Ta wanke tawadar, ta koma Tudun Wada aka sake buga zanen a juye. Ranar Lahadi ta gwada na'urar a injin ban-ruwan maƙwabcinmu a bakin kwari, ya mutu da kansa, Litinin ta hau mota, gida ya koma yadda yake.

Da nake sharar ɗakinta na tsinci ragowar sabuwar takardar. A kusurwa akwai wasu haruffa huɗu a juye. Na ɗora ta gaban madubi, sai ga INNA. Har yanzu in shirun gidan ya yi mini yawa, nakan ɗauko in karanta.

Abin da na koya shi ne, ni nake zaune ina jiran ta ɗago kai, ita ma ashe jira take in yi magana. Tun daga ranar, in na ga abu, ko da rawar murya ne, nakan faɗa.