Zane Biyu a Haƙoran Inna

Rana guda aka yi wa Inna da ƙanwarta Yafendo haƙoran roba a Sakkwato. Inna na Bodinga, Yafendo na Shagari, amma in sun haɗu kwanonsu ɗaya, tabarmarsu ɗaya. In za su kishingiɗa kuma, kofi ɗaya suke jefa haƙoran. Kullum sai an yi musun wanne ne na wa.

Ni sarkin dabara na ɗora allura a wuta, na yi wa na Inna zane guda daga ciki, na Yafendo biyu. Idonsu ba ya ganin zanen, ni kaɗai nake rabawa. Na sha yin alfahari da wannan.

Da muka je suna Shagari, la'asar ta yi, ina saurin kada mota ta bar mu. Na tsamo haƙora daga kofin, na ɗauraye, na miƙa wa Inna. Ban duba ba.

Daga ranar ta daina cin tuwo. Inna da ba ta ƙyale ƙashin kaza, sai ga ta a kan kunu. In na kawo nama ta ture.

"Na ƙoshi, ɗiyata."

"Mi kika ci da kika ƙoshi?"

Faɗa kam na yi mata. Na ce ta cika rigima, na ce tsufa ya mai da ita yarinya. Ashe dasashinta duk ya saluɓe. Ta ɗauka bakinta ne ya canza, ita kuwa ba ta iya kai ƙara ba.

Wata biyu ta yi haka, ta rame, ciwon ajali ya same ta ba ƙarfi. Likita ya ce zuciya ce. Na yarda, amma bai rage mini komai ba.

Da masu wanka suka fito, ɗaya ta ba ni haƙoran a ƙulle cikin ƙyalle. Na juya su. Zane biyu.

Yafendo na gefena. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wasu.

"Tun ranar suna waɗanga sunka ƙi zama bakina," in ji ta. "Na ce in na zo sai ki duba muna."

Na duba. Na Inna ne.