Abincin 'Yar Fari

Ni 'yar tudu ce. A wani ƙauye can bayan Shanga aka haife ni, inda yaro ke tasowa da tafasa da rama da kabewa, kifi kuwa sai ranar kasuwa, shi ma busasshe, a gutsura wa kowa kamar magani. Aure ne ya kawo ni bakin ruwa, kusa da Warra, gidan masunta. Ranar da na fara girki na tambayi inda ake samun ganye, uwar mijina ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyag ga, nan gidan akuya ka cin haki." Aka yi dariya, ni ma na taya su. Inna muke ce mata, babba da yaro.

A wurinsu miyar ganye tonon asiri ce. Idan maƙwabta suka ji ƙamshin yakuwa daga tukunyarki, to kin sanar da unguwa cewa tarun maigida bai kamo komai ba. Na gane wannan da wuri, na kama bakina.

Haihuwata ta fari mace ce. An san yadda ake yi da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. A garinmu ba a tsananta haka ba. Amma ni baƙuwa ce, ina so a ce ina da kunya, sai na riƙe abin fiye da matan da suka taso a cikinsa. Da aka yaye ta, Inna ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, can take kwana, can take ci. "Yarinyar Inna" nake ce mata, idan ina sauri in ce "waccan".

Ƙannenta biyu da suka biyo baya kuwa nawa ne, a kansu na yi dabarata. Akwai zogale a bayan katanga wanda ba mai kulawa da shi. Sai in tsinko, in shanya a gefen banda inda muke gasa kifi, har ya bushe ya ɗauki warin hayaƙi. In daka shi da kan tarwaɗa da daddawa, in barbaɗa a miya. Kabewa kuma in dafa ta ta yi ligif, in dame ta har ta ɓace, mai ci ya ɗauka manja ne ya yi yawa. Ran da na yi dambu da zogale sai in marmasa tsokar karfasa a sama, su bi kifin da hannu har su ga ƙasan kwano. Gwanda kuwa ba na ba su. Yankawa nake yi in rufe da faifai in ce ta manya ce, duk wanda ya taɓa zai gani. Kafin in dawo daga rafi babu ko yanka ɗaya, sai baki duk ja, ana rantsuwa.

Maigida ya sani. Wata rana ya ɗaga loma ya ce, "Miyag ga ta yi duhu." Na ce hayaƙi ne. Ya cinye abinsa.

Inna ita ke girkinta, ta ce ba ta son hannun kowa. Abin da take ba yarinyar shi ne abin da take ganin ya fi komai a duniya: tuwon shinkafa, farar tsokar kifi da ta tsince wa ƙaya ɗaya bayan ɗaya, shayi da burodi, taliyar leda. Don so take yi, wannan ban taɓa shakka ba.

Yarinyar tana shekara shida ta fara tuntuɓe. Da rana garau, amma da zarar an kira magariba sai ta bi bango da hannu, ta yi karo da turmi, ta taka kwano. Inna ta ce hayaƙin banda ne, ta sa mata kwalli. Ni kuwa na san sunan abin. Dundumi ne. Na gan shi a garinmu wata shekara da aka yi fari, na kuma ga tsofaffi suna maganinsa da hanta da miyar ganye.

Na ce wa maigida, "Yarinyar Inna fa tana tuntuɓe."

Ya ce, "To ki gaya ma Inna mana."

Ta yaya? In je in tsaya a bakin ɗakin uwar mijina in ce abincin da take ba 'yar farina bai yi ba? Shi ma ba zai iya ba, tasa 'yar farin ce. Sau ɗaya tak na gwada: na aika da dambu a hannun ƙanwar yarinyar. Inna ta buɗe, ta ga kore-kore, ta mayar da murfin, kwanon ya dawo mini yadda ya tafi. Daga nan na yi shiru. Tun ruwan tafki yana cike har ya ja baya aka fara shuka a laka, ina kallon yarinyar tana lalube, ina kau da kai. Mata suna yabona, wai ba su taɓa ganin mai kunyar ɗan fari irina ba. Kuma wallahi daɗin yabon nake ji.

Sai ƙyanda ta shigo unguwa. Ƙannenta suka yi, suka tashi cikin kwanaki. Ita ta kwanta a ɗakin Inna, ido a rufe. Rana ta biyar da hantsi Inna ta fita neman icen turare, na shiga. Na buɗe mata ido da yatsa. Na hagun ya bushe, ya yi hazo-hazo kamar idon kifin da ya kwana.

Ban yi shawara da kowa ba. Na goya ta, ƙatuwar yarinya ƙafafunta suna dukan cinyoyina, na ratsa tsakar gida mata suna kallo, na tare ɗan acaɓa zuwa asibitin Warra.

Ma'aikaciyar da ta duba ta ta yanke bakin wata jar ƙwayar magani ta matsa mata man a baki. Ta ce, "Ke ce uwarta?" Sai da na yi jim kafin na ce e. Ta tambayi abin da take ci, na lissafa. Ta ce, "Haba baiwar Allah, ba ganye garinku? Ba kabewa?" Ban ce mata ina da tulu guda cike da garin zogale a ɗaki ba. Ta ce idon dama zai tsira in an kula, na hagu sai yadda Allah ya yi. Ta ce in dawo da ita gobe, kuma magani kaɗai ba zai riƙe ta ba sai da abinci.

Da muka dawo ban ɓoye komai ba. Na dafa faten kabewa da zogale ɗanye shar a tsakar gida, duk wanda zai ji ƙamshi ya ji. Na zauna da kwano, na kira ta da sunanta. Ba ta waiwayo ba, ba ta san muryata da wannan sunan ba. Sai da na sake.

Ta ƙi ci. Kwana biyu tana tofarwa tana cewa ita ba akuya ba ce. Na yi lallashi, na yi tsawa, raina ya ɓaci har na ɗaga hannu na sauke. Dabarun da suka ci ƙannenta duk ba su ci ta ba, harshenta ya saba da farin abinci.

Rana ta uku Inna ta fito. Tun da na goyi yarinyar ba ta ce mini uffan ba. Ta wanke hannu, ta zauna a gefen tabarma, ta ɗebi faten ta kai baki. Na ga yadda ta haɗiye shi da ƙyar. Ta ce, "Ashe da daɗi. Matso mu ci, kar uwarki ta cinye muna." Yarinyar ta matso. Daga ranar har Inna ta rasu, kullum sai ta ci ganye tare da ita, kuma na san ba ta taɓa sonsa ba. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, ni da ita.

Idon dama ya warke sarai. Na hagu ya bar farin tabo a tsakiya, ba ta gani da shi. Ba na ganin laifin Inna, ita abin da ta sani ta yi. Ni ce na san ciwon, na san maganinsa, na zauna a kai wata huɗu don a ce ina da kunya.

Yanzu yarinyar tana aure a Yelwa, da 'ya'yanta uku. Bara na je kasuwa ban gaya mata zan shigo ba, sai na hango ta da kwando a ka. Na bi ta ina jiran ta gan ni mu yi dariya. Ta gefen hagunta na biyo. Mun jera tun daga layin masu kifi har bakin tasha, zanena yana gogar nata, ba ta san ina nan ba.