Yadda Na Kai Garba Kanar Asibiti

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kwamfutar Garba Kanar a Rano ranar Alhamis da yamma ya san abin da zan faɗa. Layi ya cika, wannan da rajistar jarrabawa, wancan da katin ɗaurin aure, sai kawai Garba ya miƙe, ya tura hula ƙeya, ya tayar da janareta ko da akwai wuta, ya ɗaga yatsa sama.

"Jama'a, a yi haƙuri. Kanar zai sake kaya."

Shi ke nan fa. Ko hakimi ne a layin sai ya nemi benci ya zauna.

Don waɗanda ba su sani ba, Garba bai taɓa riƙe ko gwafa da sunan aikin soja ba. Wani abu ne a can cikin kwamfuta da ake kira kanel, wanda a faɗarsa shi ne mai gidan, duk wata manhaja sai ta roƙe shi kafin ta motsa. Garba ba shi da zance sai na sabunta kanel, kunnen mutanenmu kuwa Kanar ya ji, sunan ya bi shi har kabari. Ni taubashinsa ne, ɗan goggona ne, don haka ina da lasisin faɗar duk abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa.

Sunan ya jawo masa abubuwa. Wani dattijo ya taɓa tasowa daga Zurgu da zakara da ƙwaryar kindirmo, wai ɗansa ke son shiga soja, a taimaka a sa baki wajen Kanar. Garba ya yi bayani har maƙogwaronsa ya bushe, dattijo na ta gyaɗa kai. Da Garba ya gaji sai ya juyo masa da fuskar kwamfutar, baƙa wuluk, fararen rubutu na gudu.

"Baba, ga Kanar ɗin nan."

Dattijo ya cire takalmi, ya rusuna. "Ranka ya daɗe. Ashe aiki ake." Ya juyo ya raɗa wa Garba, "Ba ya magana ne?"

"Sai da Turanci."

Garba ya mayar masa da zakaransa. Kindirmon kam mu muka shanye.

To, ana cikin wannan sai ga Binta matarsa ta zo har gidana a Kibiya, ko ruwa ba ta sha ba ta fara. Wai ciwon kai ya dami Garba, jiri na ɗibarsa, ran nan har ya zube a tsakar gida ya ce santsi ne, a tsakiyar rani. Mahaifinsa kuwa hawan jini ne ya kwantar da shi bai sake tashi ba.

"Malam Audu, ɗan'uwan nan naka ya ƙi asibiti. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da liman. In ba kai ba, ban san wa zai ji ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta, aikin yini ɗaya ne. Allah sarki, ni!

Na same shi da dabara irin ta tsofaffin malaman firamare, wato a bi ta inda yaro ke so. Na ce, "Wai Garba, wannan wahalar ta duk mako ta mece ce? Sau ɗaya a shekara, kamar yaɓen rumbu, bai isa ba?"

Kai, kamar na taɓo gidan rina. Ya ajiye kofin shayi.

"Audu, shi ya sa ka ƙare a alli. Ran da masu gyara suka gano kafa a jikin kanel suka sanar, ranar ɓarayin intanet ma suka ji. To kai sai ka jira baɗi? Hotunan mutane, lambobinsu, takardun 'ya'yansu, duk suna cikin nan. Ana dubawa duk mako. In gyaran na tsaro ne mai tsanani, ba ya kwana. In mai sauƙi ne, kar dai ya wuce wata. Kuma sai ka kashe ka kunna, in ba haka ba sabon yana ajiye, tsohon na ta aiki da kafarsa a buɗe. Sannan kar ka goge tsohon sai ka ga sabon ya tashi lafiya."

Na ce, "Madalla. To kai yaushe rabon da a duba ka?"

Ko ƙifta ido bai yi ba. "Ni tsohuwar ƙira ce. Masu ƙirata sun daina fitar da gyara."

"Ai kai ka ce irin waɗannan jefar da su ake yi."

"Shi ya sa ba na bari a duba ni."

Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa kofin.

Na dawo a kan babur ranar Alhamis don in kai shi asibiti, ya ce ana tsakiyar aiki, in aka katse Kanar yana sake kaya ba ya sake tashi. Na dawo Litinin, ya ce na gaggawa ne ya fito da safe. Na dawo ranar da na tabbata ba komai, na tarar ya buɗe wayar mai shayin ƙofar shagonsa, wai ita ma ta yi shekara ba a taɓa ta ba, mai shayi na tsaye kamar zai yi kuka saboda ya rasa inda waƙoƙinsa suka shiga. Duk wannan kuma idon Garba ja, yana dafe ƙeya in ya ɗauka ba na kallo. Dariya nake, amma tsoro ya fara kama ni sosai.

Sai na tuna da Hadiza, ɗalibata ce a da, tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Rano. Muka ƙulla abin da muka ƙulla. Na shiga shago na zauna, na yi tsaki.

"Garba, abin da na gani yau ya ba ni tsoro. Kwamfutar asibitin su Hadiza, wai tun da aka saye ta ba a taɓa sabunta ta ba."

Ni fa ko ganin kwamfutar ban yi ba. Ya daskare.

"Da sunayen marasa lafiya a ciki?"

"Har da cututtukansu."

"Tana hawa intanet?"

"Har kallon fim suke yi da ita."

Kafin in rufe baki yana kan babur ɗina, takalmi ƙafa ɗaya nasa, ɗaya na wani da ya zo buga takarda. Mutumin da Binta da liman suka kasa, ga shi yana dukan bayana wai in ƙara wuta.

Muna isa ya faɗa kujera gaban kwamfutar. Hadiza ta zo sumul ta naɗa masa abin awon hawan jini a dantse.

"Baba, dokar asibiti ce. Duk mai taɓa ta sai an auna shi."

Bai ma ji ta ba. Ya danna abin da ya danna, sai muka ji, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ashe ƙaryata gaskiya ce. Kanel ɗin da ke ciki, in ji shi, ya girmi ɗansa na fari.

Hadiza ta kalli awon, fara'arta ta ɗauke. Ta ce jinin ya hau ƙwarai, yau ba zai koma gida ba sai likita ya gan shi.

"Ina zai ƙi hawa? Kin ga abin da na gani kuwa? Ki auna wannan akwatin, ita ce mara lafiya!"

Aka bar shi ya gama gyaransa, ya kashe ya kunna, ya huce, aka sake aunawa. Jini yana nan inda yake. Likita ya zo ya duba shi, ya rubuta masa magani.

Hadiza ce ta yanke hukunci. Kwamfutar asibiti ta zama tasa, ya zo duk mako ya duba ta, amma ba zai hau kujerar ba sai ya miƙo hannu, kuma sai ya nuna ya sha maganinsa. Ya yi ta ƙorafi a gari wai yarinyar nan ita ce Kanar ta gaskiya. Amma yana zuwa. Sau ɗaya ya ajiye ƙwayoyin don ya ji sauƙi, ta ce, "To Baba, kwamfutarka ma lafiyarta ƙalau kwanan nan, a daina sabunta ta mana." Ya harare ta, ya miƙa hannu a ba shi ruwa.

Shekaru ya ƙara a haka. Ya aurar da 'yarsa, ya ɗauki jikansa, ya koya wa rabin samarin Rano kashewa da kunnawa. Daminar bara ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ya kwantar da shi.

Na je duba shi, harshen ya yi nauyi, sai na sunkuya kafin in ji.

"Audu, ran nan da ka zo da zancen kwamfutar asibiti. Na san ƙarya kake."

Na ce, "Ai ta zama gaskiya."

"Kai ba ka sani ba a lokacin. Kai da ko kunna ta ba ka iya ba."

"To me ya sa ka biyo ni?"

Ya ɗan murmusa da ɓangaren bakin da ke motsi. "Muryarka ce ke rawa. Na ce bari in tashi, kar gardin nan ya yi min kuka a gaban kwastomomi."

Abin da ya guda a shago shi na yi masa a bakin gadon, kuma bai tsokane ni ba, hannuna kawai ya riƙe. Bayan kwana kaɗan muka kai shi makwancinsa.

Ina kewarka, taubashina. Allah ya jiƙan Garba, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Binta da yara haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.